Takardar Chèque Santé: abin da muka gani a Garwa

Na saya wa maiɗakina takardar Chèque Santé, ta shirin kula da mata masu ciki a Kamaru, tun cikinta yana ƙarami, a kan sefa 6,000, kuma tun bayan suna maƙwabta suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, domin da wannan jaka shida aka yi mata awon ciki da hoton ciki da gwajin jini, aka karɓi haihuwa, aka kuma ci gaba da duba ta ita da jaririn har kwana 42, wato har ta yi arba'in. Da haihuwar ta zo da gardama, tiyata ma tana ciki, kuma duk magidanci ya san abin da tiyata take yi wa aljihu.

An fara shirin a 2015 a yankuna uku na arewacin Kamaru, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus, saboda yawan matan da suke rasuwa wajen haihuwa, sannan a 2023 ya shiga cikin babban tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa da ake kira CSU. Duk da waɗannan shekaru, mahaifiyata ba ta yarda da shi ba. Ta ce da ni, "Kai yaro, abin asibiti in ya yi araha, to ka san ba za a kula da ita ba." Ba ita kaɗai take wannan tunani ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin mutanen da suka saba biyan kuɗin safar hannu da auduga kafin a taɓa majinyacinsu ba za su gaskata alkawarin takarda cikin sauƙi ba.

A ɗakin haihuwa dai ba a nuna mana bambanci ba. Ungozomar ta karɓi takardar, ta rubuta lambarta, ta ce, "Malam, je ka zauna, babu abin da za ka biya." Inda raina ya ɓaci shi ne tagar bayar da magani. A wani zuwa awo an ce maganin ƙarin jini ya ƙare, aka rubuta mana mu saya a waje, wani ma'aikaci kuma ya gaya mini a hankali cewa kuɗin da shirin yake mayar wa asibitin yakan makara, shi ya sa kantar take zama wayam. Kuɗin maganin bai taka kara ya karya ba, amma na ga wata baiwar Allah a gabana ta ninke takardarta ta cusa a jaka tana cewa an yaudare su. Wannan mata za ta koma gida ta faɗa wa facalolinta da matan layinsu, kuma maganarta za ta fi sanarwar rediyo nauyi a kunnensu.

Abin da nake roƙo shi ne a manna jerin abin da takardar ta ƙunsa a bakin tagar, a kuma samu mai bayyana shi da Fulatanci da Hausa, tun da yawancin matan ba sa karanta Faransanci. Wanda zai saya kuma ya fara tambaya ko asibitin da yake zuwa yana cikin waɗanda aka amince su karɓe ta, domin ba kowane ne yake karɓa ba.