Tor ko VPN: ni dai Tor zan ce ka ɗauka

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaya tsakanin Tor da VPN, hanyoyi biyu na shiga intanet ta kwamfutocin wasu, wanne ya fi ɓoye inda mutum yake, da kuma dalilin da wasu shafukan ke rufe ƙofa da zarar an kunna su. Ɗauki Tor Browser, manhajar buɗe shafuka ta Tor, kuɗin VPN ɗin ka sayi data da su.

Na fara amfani da shi a 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har Janairun 2022. Ranar farko da na buɗe Google sai ga shi da Jamusanci, gabana ya faɗi, na ɗauka an yi mini kutse a waya. Ƙanena mai gyaran kwamfuta ne ya zaunar da ni bayan sallar isha'i ya zana mini abin a takarda. Saƙona yana bi ta kwamfutoci uku kafin ya isa shafin. Ta farko ta san lambar IP ɗina, wato adireshin da nake shiga intanet da shi, amma ba ta san inda na dosa ba, ta ƙarshe ta san shafin amma ba ta san ni ba. Shi shafin lambar ta ƙarshen nan kaɗai yake gani, sai ya duba ta a rumbun bayanai irin na MaxMind, inda ake danganta lambobi da ƙasashe. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutocin na ƙarshe, wato mafita, a Jamus da Holan da Amurka suke, shi ya sa a can ake zaton kana zaune. Daren nan na kwanta hankalina kwance, kuma har yau ko kwabo ban taɓa biya wa Tor ba.

Amma ka san wannan tun yanzu: shafi yana gane cewa da Tor ka zo. Ƙungiyar Tor Project da kanta take wallafa jerin lambobin mafitarta, kowa na iya ɗauka. Kamar mai rawani ne da ya ja amawali a kasuwa, kowa ya ga ya rufe fuska, sai dai ba wanda ya san ko wane ne. Daga nan kowane shafi da irin tarbar da yake yi maka. Cloudflare, wanda ke gadin ɗimbin shafuka, ya ware wa Tor alamar T1 kamar wata ƙasa mai zaman kanta, mai shafi ya zaɓa ko ya bar ka ka wuce, ko ya tsayar da kai da tambaya, ko ya kore ka. Google zai sa ka yi ta zaɓen hotunan motoci da fitilun titi. Wikipedia za ta bar ka ka karanta, amma ba za ka gyara ko harafi ɗaya ba. Dalilin shi ne mutane da yawa ne ke fita ta lamba guda, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Abin yana ci mini rai, domin mai karatu na Allah da Annabi ne ke shan wahalar. Wasu kuwa maraba suke yi: Facebook ya buɗe adireshinsa na .onion, wanda sai ta Tor ake shiga, a 2014, BBC ta buɗe nata a 2019. Idan shafi ya ƙi ka, nemi sabuwar hanya daga cikin manhajar, sau da yawa mafita ta gaba tana wucewa. Yana da nauyi kam, sai da haƙuri.

VPN kuwa na taɓa biyan na shekara guda, na yi da-na-sani. Ya fi sauri wajen kallon bidiyo, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Kamfani ɗaya ne ke riƙe da lambarka da kuma duk inda ka shiga, kuma lambobinsa na manyan cibiyoyin kwamfuta ne, shafuka sun san su. Netflix tun 2016 yake toshe su. Bai canza agogon wayarka ko harshenta ba, alhali Tor Browser yana nuna wa shafi agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yana kuma ƙoƙarin mayar da masu amfani da shi kamar an tsaga kara. Na manta VPN a kunne na shiga manhajar banki, aka gan ni a Turai, aka kulle asusun, na wuni a layi kafin a buɗe.

Don Allah ka yi hattara da masu tallar "VPN na har abada" a WhatsApp da Telegram, da masu tura fayil su ce VPN na kuɗi ne da aka cire masa kulle, kyauta. Duk abin da kake yi ta hannunsu zai bi. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da Tor macuci ne, kyauta ake bayar da shi.

Sauke shi daga torproject.org, ko a Play Store ka tabbata Tor Project ne ya sa shi. Idan iPhone gare ka, Onion Browser. Harkar banki ka yi ta da layinka na kullum. Kada kuma ka shiga asusun da ke ɗauke da sunanka ta Tor kana zaton ka ɓuya. Kamfanin layinka yana iya ganin cewa ka kunna Tor, idan hakan ya dame ka, shiga saiti ka kunna gadar Snowflake, wadda ke taimakawa wajen ɓoye cewa Tor kake amfani da shi.