Hattara da mai tallar manyan babura: ya karɓi naira 4,800,000 ya turo V-Strom mai tsagaggen wuya

Naira miliyan 4 da dubu 800. Abin da wani mutum mai tallar manyan babura a Facebook ya karɓa daga hannunmu ke nan a kan Suzuki V-Strom 650. Ya rantse da Allah cewa ƙirar 2011 ne, tokumbo daga Amurka, bai taɓa taka kwaltar ƙasar nan ba. Ba za mu kama suna a nan ba, amma hotunan hirar WhatsApp, rasidin banki guda biyu da hoton wuyan babur ɗin duk suna hannunmu, kuma za mu ɗora su da zarar mun rufe lambobin asusu.

Masu cewa garaje muka yi, ku dakata. Zaɓin babur ɗin babu kuskure a ciki, ko gobe shi za mu sake nuna wa mai neman abin doguwar tafiya. Injinsa silinda biyu ne, 645cc, mai lagireto, ba ya galabaita idan an ɗauki awa biyar ana gudu cikin rana. Ƙirar 2004 zuwa 2011 tankinta lita 22 ne, yana kai mutum sama da kilomita 350 kafin ya nemi gidan mai. Tayar gaba inci 19 ce, tana haɗiye ramin da zai lanƙwasa rim mai inci 17. Zamansa a miƙe ne, baya ba ya ƙagewa. Sannan da sarƙa yake ja, ba irin BMW R1200GS mai shaf (sandar ƙarfe mai juya tayar baya) ba, wanda idan ya lalace maka tsakanin Potiskum da Damaturu sai dai a ɗora shi a mota. Duk wannan mun auna shi. Mutumin ne ya ci amana.

Kiran bidiyon da muka yi da shi kafin mu biya shi ne ya cuce mu, kuma shi ne har yanzu yake ci mana rai. Ya tsaya kusa da babur ɗin, ya ce: "Yallaɓai, tun jiya ba a taɓa shi ba, ku saurara da kanku." Ya danna sau ɗaya, inji ya tashi, sauti sumul. Dannawa ɗaya. A kan wannan dannawar aka tura kuɗi. Sai da muka sake kallon bidiyon muka lura bai taɓa haska fuskar mita ba sai bayan inji ya yi minti uku yana aiki. A V-Strom akwai layukan da ke nuna zafin ruwa. Da ya haska su kafin ya kunna, da mun ga an riga an ɗumama injin. Kalma ɗaya ce ta rage mu faɗa: ɗora tafin hannunka a kan bututun salansa kafin ka tayar. Ba mu faɗa ba. Ya ce wallahi, muka yarda.

Da babur ɗin ya iso, da sanyin safiya sai an danna sau bakwai ko takwas, ya tashi da farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa. Baƙin man da ake hangowa ta gilashin gefe ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwan lagireto yana haɗuwa da mai. Mun sa mitar gwajin lantarki a kan batir, aka ɗaga wuta zuwa juyi 5,000 a minti. Lafiyayyen caji ya kamata ya zauna wajen volt 14, wannan bai wuce 12.3 ba. Ko koyil ya ƙone ko ratifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, kuma babur mai famfon mai na lantarki irin wannan, idan batir ya zube, a nan tafiya ta ƙare.

Mun ma tsallake wani abu. Ba a lokaci ɗaya ya karɓi kuɗin ba. Naira 1,500,000 ya fara nema a matsayin kafin alƙalami, wai akwai wani alhaji da ke hanya da kuɗinsa a hannu. Sauran 3,300,000 kuma sai da ya turo hoton babur ɗin ɗaure da igiya a bayan babbar mota. A'a, kafin hoton ma sai da ya turo takardar kwastan, kuma ita ce ta ƙara kwantar mana da hankali. Miliyan ɗaya da rabi, sannan miliyan uku da dubu ɗari uku. A lissafa, 4,800,000.

Lambar shasi harafi 17 ce, a buge a wuyan babur ta dama. Ta Suzuki da aka ƙera a Japan tana farawa da JS1, kuma a babur ɗin kasuwar Amurka harafi na goma shi ne shekara: B na nufin 2011, 6 na nufin 2006. A takardarsa B ne. A wuyan kuwa an goge daidai gurbin na goma, an sake bugawa, harafin ya ɗan karkace, ya fi 'yan'uwansa zurfi. Ko ba wannan, injin da kansa ya tona asiri. Daga 2007 V-Strom 650 fulogi biyu yake da shi a kowace silinda, huɗu ke nan. Wannan biyu ne kacal. Ba yadda za a yi ya zama ɗan 2011.

Mita ta nuna 21,000, ya ce kilomita ne. Mil ne, kusan kilomita 33,800 ke nan, kuma ko wannan ba mu yarda da shi ba, don farantin birkin gaba da ke zuwa da kaurin milimita 5 ya cinye har ya wuce iyakarsa ta 4.5, robar matakin ƙafa ta suɗe, haƙoran sarƙa sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Tayoyin da ya ce sababbi ne, lambar da ke gefensu 0914 ce, wato mako na 9 na 2014. An shafe su da mai ne don su yi ƙyalli a hoto.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wuyan. A ƙarƙashin sabon baƙin fenti akwai walda mai tsawon yatsa. Firam ɗin V-Strom alminiyon ne, ba baƙin ƙarfen da kowane mai walda zai ɗinke ba. Wuyan da ya taɓa tsagewa, a ɗora masa mutum biyu da akwatuna, ya faɗa rami ana gudun 120 a hanyar Kaduna, rai ake magana. Mutumin nan ya san da waldar, shi ya fesa mata fenti, ya karɓi 4,800,000, yanzu lambar wayarsa a kashe, shafin kuma ya sauya suna yana ci gaba da talla da hotuna iri ɗaya.

Kada ka tura ko sisi sai kai ko makanikenka ya dafa injin da sanyinsa. Karanta lambar wuya da tocila, ka haɗa ta da takarda harafi bayan harafi. Ƙirga fulogi. Idan ya ce wani na hanya da kuɗi, ka bar masa.