Sashen ƙoda da nas ɗin da ta ɗauki wayata da dare

Bara aka yi mini dashen ƙoda, ƙanena ya ba ni tasa. Da gwajin jini ya nuna matsala, likita ya ce sai an tsakuro 'yar tsoka daga ƙodar da allura a duba. Bayan an gama na kwanta rigingine awa 6.

Ina komawa ƙauyenmu wajen Ringim, fitsari ya yi ja wur, har da gudaji. Ƙarfe 2 na dare na kira nas, ta ɗauka: "Baba, kada ka jira asuba." Da na koma asibiti, hoto ya nuna allurar ta haɗe jijiyoyin jini biyu, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Suka sa mini ido har wurin ya toshe da kansa. Allah ya saka wa yarinyar nan. Layin karɓar magani ne kawai ya wahalar da ni.