Kurkumin, kwasetin ko EGCG: wanne ya fi taɓa kumburi a jikin mutum?

'Yar'uwa, kin tambaya tsakanin kafson kurkumin na kurkum, da kwasetin irin na albasa da tuffa, da EGCG na koren shayi, wanne ya fi rage kumburi, kuma ko da gaske suna ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi tunda duk an rubuta musu "antiyoksidan", wato masu share ɓurɓushin oksijin mai ƙuna a jiki. A ganinmu, ga ciwon gwiwa da kumburin babban hanji, kurkumin ne ke da hujja mafi nauyi a kan mutane. Kwasetin ya fi nuna bajinta a ɗakin gwaji fiye da cikin jiki. EGCG kuwa a kofin shayi ba shi da matsala, a kafso mai yawan awo ne yake neman taka-tsantsan. Batun ƙara ƙarfin garkuwa kuma, babu ɗayansu da ke yin haka. Sassauta ta suke yi idan ta zafafa.

Dalilin yana cikin yadda garkuwar ke yaƙi. Fararen ƙwayoyin jini, musamman nutrofil da makrofaj, da gangan suke ƙera ɓurɓushin oksijin mai ƙuna su watsa wa bakteriyar da suka haɗiye. Yaran da aka haifa da naƙasa a enzayim ɗin da ke wannan aiki, cuta ba ta barinsu, daga wannan sai waccan. Ashe ke nan ɓurɓushin nan makami ne, ɓarnarsa tana zuwa ne idan kumburi ya ƙi lafawa, ya ɗauki watanni yana cin naman jiki.

Kuma ko da ana son share shi, waɗannan sinadarai ba su da yawan da za su iya. Bayan an ci su a abinci, abin da ke yawo a jini da ƙyar yake kai maikromol 1 (ma'aunin yawan sinadari) a lita, alhali sinadarin yurat da jiki ke yi da kansa, wanda shi ma antiyoksidan ne, yana tsakanin 200 zuwa 400. Wannan na cikin abin da ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na awon ƙarfin antiyoksidan na abinci a 2012: lambar da aka samu a kwalbar gwaji ba ta faɗin abin da zai faru a jiki. Aikinsu na gaskiya ta hanyar saƙo ne. Suna danne NF-kB, furotin da ke kunna ƙera TNF-alfa, IL-6 da COX-2, masu rura kumburi. Suna kuma tayar da Nrf2, wanda ke sa ƙwayar halitta ta ƙera nata kariyar, kamar gulutatayon. Ba su ne ke kashe gobara ba, ƙararrawa suke kaɗawa 'yan kwana-kwanan cikin gida su tashi.

Inda kowanne ke taɓawa

Kurkumin ya fi tasiri a kan makrofaj: yana hana enzayim ɗin da ke kwance wa NF-kB mari, don haka saƙonnin kumburi su ragu daga tushe. Kwasetin ya yi suna ne a kan ƙwayoyin mast, masu sakin histamin lokacin borin jini, ƙaiƙayi da atishawa. A ɗakin gwaji yana hana su fashewa su zubar da kayansu. EGCG ya fi jan hankali ta wajen ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini: a jikin ɓeraye yana rage masu rura wuta, ya ƙara masu kwantar da tarzoma. Sai dai a riƙe wannan: yawancin gwaje-gwajen nan da maikromol 10 zuwa 50 ake yinsu, abin da haɗiya ta baki ba ta kaiwa. EGCG ma idan aka zuba shi a ruwan renon ƙwayoyin halitta yakan haifar da haidirojin feroksaid, ta yadda wani tasirin da aka gani na feroksaid ɗin ne.

Nawa ke isa jini

A nan kurkumin ne na baya. Ba ya narkewa a ruwa, yana saurin lalacewa inda babu tsami, kuma ɗan abin da ya tsallake hanji, hanta na ɗaure shi ta fitar. A wani gwaji a Taiwan a 2001, mutanen da suka sha gram 8 a rana ba su kai maikromol 2 a jini ba. Garin kurkum kansa kashi 3 cikin 100 ne kawai kurkumin, wato ƙaramin cokali mai gram 3 bai wuce miligram 90 ba. Shi ya sa ake haɗa shi da fiferin na masoro: a 1998 an nuna miligram 20 na fiferin ya ninka shigar gram 2 na kurkumin sau 20.

Kwasetin ya danganta da sukarin da ke manne da shi. Na albasa, mai gulukos, ya fi shiga jiki nesa ba kusa ba a kan rutin, nau'in kwasetin da ake samu a shayi, har ya fi tsantsarsa ta kafso. Yana daɗewa a jini, amma kusan dukkansa a ɗaure yake, ba a siffar da aka gwada a ɗakin bincike ba. EGCG ya bambanta da su biyun: kaso mai yawa na wanda ya shiga yana yawo a sake, kuma shansa da yunwa yana ninka shi fiye da sau 3. Wannan ba abin murna ba ne, za ki ga dalili.

Abin da aka gani a kan mutane

A Japan a 2006, an ba masu gyambon babban hanji gram 2 na kurkumin a rana tare da maganinsu na asibiti har wata 6. Mutum 2 cikin 43 ne ciwon ya tasar musu, alhali 8 cikin 39 ne a ɓangaren da aka ba maganin wofi, wato kafso marar magani a ciki. Rashin shigarsa jini a nan ya zama riba, domin yana zaune ne daidai inda ciwon yake. A Tailan a 2014, an kwatanta miligram 1,500 na tsantsar kurkum da miligram 1,200 na ibuprofen a kan masu ciwon gwiwa 367 na mako 4; sauƙin ya zo kusan ɗaya, ciwon ciki kuma ya fi ƙaranci a ɓangaren kurkum. Raunin gwajin shi ne gajere ne, kuma ba a sa rukunin maganin wofi ba.

Kwasetin ya fara da alƙawari mai daɗi. A 2007, cikin 'yan tseren keke 40 da aka wahalar da atisaye, mutum 1 cikin 20 da suka sha miligram 1,000 a rana ne ya kamu da mura, 9 cikin 20 a ɗaya ɓangaren. Da aka faɗaɗa zuwa mutum 1,002 na gama-gari a 2010, tsawon mako 12, bambancin ya ɓace a jimilla. EGCG kuwa, sakamakonsa a kan CRP, ma'aunin kumburi a jini, ya sha bamban daga gwaji zuwa gwaji.

Inda ake samun matsala

Hanta ce abin damuwarmu na farko. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa miligram 800 na EGCG a rana zuwa sama, ta hanyar kafso, yana ɗaga enzayim ɗin hanta. Kofin koren shayi yakan ƙunshi kimanin miligram 50 zuwa 100, ana kuma shansa a rarrabe. Kafso yana jibga na kofuna da yawa lokaci guda, sau da yawa cikin yunwa ga masu neman rage ƙiba. Koren shayi yana kuma rage shigar nadolol, maganin hawan jini, ƙwarai, EGCG kuma a ɗakin gwaji yana daƙile bortezomib, maganin sankara.

Kurkumin ma bai tsira ba. An samu jerin masu ciwon hanta a Italiya a 2019 da kuma Amurka, da yawansu daga samfuran da aka ƙara wa fiferin ko aka sarrafa don su fi shiga jini. Fiferin ba kurkumin kaɗai yake buɗe wa hanya ba, har da wasu magungunan da mutum ke sha. Awon da kwamitin ƙwararru na hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, WHO da FAO, ya amince da shi na kullum miligram 3 ne ga kowane kilo, wato 180 ga mai kilo 60, kuma awon gwaje-gwajen da muka ambata ya ninka haka sau da yawa. Mai tsakuwa a maɗaciya da mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, su nisanci kafson kurkumin. Shi da EGCG duka suna kama sinadarin ayon, wato ƙarfe mai ƙara jini, a hanji, don haka mai ƙarancin jini ta raba su da maganinta da awa 2 aƙalla. Kwasetin ya fi su sauƙi har zuwa miligram 1,000 a rana na mako 12, amma yana taɓa yadda jiki ke sarrafa cyclosporine, maganin danne garkuwar jiki, kuma mai ciwon ƙoda kada ta sha sai da izinin likita. Mai juna biyu ta bar kafson ukun gaba ɗaya.

Idan likitanki ya yarda ki gwada kurkumin, a auna CRP da ALT, enzayim ɗin hanta, kafin ki fara. Ki sha shi bayan abinci mai ɗan maiƙo, shi kaɗai ba tare da wani sabon kafso ba, don a san wanda ya yi aiki ko ya yi ɓarna, kuma kada ki ajiye maganin asibiti. A sake awo bayan mako 8 zuwa 12; in babu sauyi a ciwo ko a jini, ki daina. Illar hanta takan bayyana tsakanin wata 1 zuwa 4, saboda haka da kin ga fitsari ya yi duhu, ido ya yi ɗorawa, ko kasala da tashin zuciya sun dame ki, ki tsayar da shi ranar, ki tafi asibiti da kwalbar a hannu.