Wace Kyamarar Infirared Za Ka Saya In Kufan Filayen Wasa Kake Son Ɗauka?

A garin Pripyat na ƙasar Yukren akwai wani ƙaton lilon ƙarfe mai zagaye, tsayinsa mita 26, kujerunsa rawaya. An shirya buɗe filin wasan da yake ciki ranar 1 ga Mayu, 1986, sai tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga ranar 26 ga Afrilu, washegari aka kwashe mutanen garin kaf. Tun daga ranar daji yake cin filin a hankali. Itatuwa sun fasa kwalta sun fito, gansakuka ta lulluɓe dandamalin motocin karo. In ka ɗauki irin wannan wuri da kyamarar da aka saba, kore da tsatsa sai su cakuɗe, ido ya rasa inda ƙarfe ya ƙare ganye ya fara. Kyamarar infirared kuwa raba su take yi: ganye ya fito fari fat kamar auduga, sama ta yi duhu, ƙarfe ya tsaya tsakaninsu shi kaɗai. Wannan rabuwar ita ce abin da za ka biya kuɗi dominsa, kuma da ita ya kamata ka auna duk abin da mai kaya zai nuna maka.

Dalilin ba boyayye ba ne. Idon mutum yana ganin haske ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). Abin da ya haura 700 shi ne infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske da shuɗi don haɗa abincinsa, amma infirared na kusa tsarin cikin ganyen yana maido da shi waje da ƙarfi, shi ya sa yake haske haka. Robert W. Wood ne ya fara fitar da irin waɗannan hotuna a 1910, har yau ma da sunansa ake kiran wannan farin ganye. Sensar kowace kyamarar dijital, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinta, tana iya ganin hasken har zuwa wajen nanomita 1100, sai dai kamfanoni suna ɗora mata wani siririn gilashi da ke tare shi, don kada launin hoto ya ɓaci. Duk cinikin da za mu yi magana a kai, a kan wannan ɗan gilashin yake: ka bar shi, ko ka cire shi, in ka cire kuma me za ka sa a madadinsa.

Kafin nan, kada wani ya sayar maka da kyamarar auna zafi da sunan infirared. Irin su FLIR One da ake maƙalawa a waya zafin jiki suke gani, can tsakanin nanomita 8,000 zuwa 14,000, kuma hoton mai tsadar cikinsu ɗigo 160 ne a kwance, 120 a tsaye. Ma'aikacin lantarki mai neman wayar da ta ɗau zafi zai more ta. Kai ba za ta ba ka farin ganye ba ko kaɗan.

Hanya mafi araha ita ce ka bar kyamararka yadda take, ka sayi filta ka ɗaura a bakin gilashin gabanta, wato lens. Wadda kowa ya sani ita ce Hoya R72, mai toshe hasken da bai kai nanomita 720 ba. In ka ɗaga ta kamar baƙin faranti take. Za ka iya gwada kyamararka tun kafin ka kashe ko sisi: ɗauko rimot ɗin talabijin, ka nuna bakinsa ga kyamara a ɗaki mai duhu, ka danna. In ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allonta, to wani abu na infirared yana ratsawa. Da haka na fara, a kan wata darbejiya da ke ƙofar gidanmu, tsakiyar damina, rana tsaka. Na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na saita gani, na ɗaura filtar, allo ya yi baƙi ƙirin. Sai da na bar ƙofar haske a buɗe kusan daƙiƙa 20 kafin hoto ya fito. Gangar jikin bishiyar ta fito tsaf, har ɓawonta ana ƙirgawa, amma ganyen da na zo dominsa iska ta mai da shi hayaƙi. Na ji daɗin hoton, na kuma gane a ranar cewa hanyar koyo ce, ba ta tafiya ba.

Matsalar ta fi girma in ka isa wurin da kansa. Mafi yawan kufan da ake shiga da izini, da ɗan jagora ake shiga, cikin ayari, da ƙayyadadden lokaci. Spreepark na birnin Balin misali ne: an buɗe shi a 1969 zamanin Jamus ta Gabas, ya durƙushe a farkon shekarun 2000, birnin ya karɓe shi a 2014, aka riƙa zagayawa da baƙi rukuni-rukuni. Ɗan jagora ba zai tsaya yana jiranka kana cire filta kana mayarwa a kowane lungu ba. A yankin Chernobyl kuwa, lokacin da ake shiga, dokar wurin ta hana ajiye kayan hoto a ƙasa saboda ƙurar da ta gurɓata. Mai dogara da ƙafa uku ya shiga uku ke nan. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka ni ina bayan a yi wa kyamara tiyata. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Kolari Vision da LifePixel a Amurka. Su buɗe kyamarar, su cire gilashin da ke tare hasken, su sa wani. Daga nan kana ɗaukar hoto a hannu, cikin ƙiftawar ido, kamar kowa. Aikin yana cin 'yan ɗaruruwan daloli, ban da kuɗin aikawa da na kwastan, kuma garantin kamfanin da ya ƙera kyamarar ya tafi ke nan. Don haka kada ka miƙa sabuwar kyamararka tilo. Nemi ta hannu, ko ka sayi wadda aka riga aka yi wa aikin, wanda sau da yawa ya fi sauƙi ga wanda ke nesa da masu gyaran. A nan tsohuwar zuma ce magani: kyamara mai shekara takwas ko goma, mai megafiksel 16 zuwa 24, ta isa har ta yi saura, tunda da rana tsaka za ka yi aiki.

Amma ka zaɓi marar madubi. Infirared ba ya haɗuwa a daidai inda hasken da muke gani yake haɗuwa a bayan gilashi, shi ya sa tsofaffin gilasai ke da ɗan jan ɗigo a jikinsu don gyara saiti. Kyamara mai madubi tana auna nisa da wata na'ura daban, sai an daidaita ta da gilashi guda, in ka canza gilashi saitin ya kauce. Marar madubi, irin jerin Sony A6000 ko Fujifilm X ko ƙananan Olympus da Panasonic, da sensar kanta take auna nisa, kuma abin da kake gani a allo shi ne hoton da zai fito. Ga ta ba nauyi, wanda zai yi wuni yana ratsa ciyawa ya san darajar wannan.

Inda mai saye ya fi ruɗewa shi ne lambar filtar da za a sa masa a ciki, wato nanomitan da haske zai fara ratsa ta, kuma a nan filin wasa ya bambanta da kangon masana'anta ko tsohuwar tashar jirgi. Filin wasa da launi aka gina shi. Dokin katako ja da zinariya, kan dodo kore, kujeru rawaya, duk don su ja idon yaro. Lamba 850 tana share wannan duka. Baƙi da fari zalla take bayarwa, sama baƙa wuluk, ganye fari tas, hoto mai kwarjini ƙwarai in layin dogon jirgin wasa kake ɗauka yana murɗewa cikin itatuwa. Sai dai fenti iri-iri sukan koma fari ko toka iri ɗaya a wannan hasken, zanen fuskar doki ya dushe, rubutun allo wani lokaci ya ɓace. Tana kuma cin haske fiye da sauran. Lamba 590 tana can ɗaya gefen: tana barin jan haske da ruwan lemo su shigo, in ka musanya ja da shuɗi a kwamfuta sai sama ta yi shuɗi, ganye ya yi ruwan zinariya. Kyakkyawa ce, amma tana son mai haƙurin zama gaban kwamfuta, kuma in hannu ya yi nauyi sai hoton ya koma kamar katin biki, kaɗaicin wurin ya gudu. Lamba 665 tsakani take. Ita kuwa 720 ita ce ta gargajiya: ganye fari, sama mai ɗan launi, in ka so ka mai da hoton baƙi da fari ya zauna daram.

Akwai kuma zaɓi na daban, a sa farin gilashi kawai a gaban sensa, kyamara ta riƙa ganin kowane haske, kai kuma ka riƙa canza filta a waje. Da wannan kaɗai za ka iya amfani da filtar IR Chrome ta Kolari, wadda ke kwaikwayon fim ɗin Kodak Aerochrome da aka daina yi a 2009: ganye ja jawur, sama shuɗiya, sauran abubuwa kusa da launinsu na asali. Ka hango kujerun Pripyat rawaya a tsakiyar jan daji. Ga filin wasa, ban san abin da ya kai wannan riƙe launin fenti tare da raba shi da ganye ba. Farashinsa shi ne kowace filta kuɗi ce, kowane gilashi da faɗin bakinsa, kuma canza filta da hannu mai gumi a cikin ƙura yana da nasa haɗarin.

In aljihunka zai ɗauki abu ɗaya ne tak, sa a yi maka 720 a ciki, ka huta. In kana da halin ƙari kuma launi ne ya kawo ka, ɗauki mai ganin kowane haske da filta biyu, 720 da IR Chrome, ka sayi masu faɗin baki da zoben rage girma don su hau duk gilasanka. Lamba 850 a ciki ba na ba wa mai farawa shawararta, don ƙofa ce da in ka rufe ba ta buɗuwa sai da wata tiyatar. Mai 590 ko 720 a ciki zai iya ɗora 850 a waje duk ranar da ya so, amma mai 850 ba shi da hanyar komawa ƙasa.

Gilashi kuwa ya fi jikin kyamara yaudara. Wasu gilasai, har da masu tsadar gaske, suna fitar da wani farin tabo a tsakiyar hoton infirared, saboda shafin da ke cikinsu don hasken ido aka yi shi. Tabon yana ƙara fitowa in ka tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16. Tsada ba ta ce komai a nan, sau da yawa ɗan gilashin da ke zuwa tare da kyamara ko wani tsoho na zamanin fim ya fi tsabta. Masu yin tiyatar suna ajiye jerin gilasan da aka gwada, ka duba naka kafin ka biya. Kana bukatar mai faɗin gani, domin lilon Spreepark mita 45 ne, kuma a irin waɗannan wurare itatuwa ba sa barin ka ja da baya.

Fim na wankewa yana nan ga mai sha'awa. Kodak HIE ya ƙare tun 2007, abin da ya rage a kasuwa irin su Rollei Infrared 400 ne da Ilford SFX 200, dukansu baƙi da fari, dukansu sai da filta mai duhu da ƙafa uku. Ba za ka san abin da ka samu ba sai bayan wanki, kai kuwa wata ƙila sau ɗaya za ka taka wurin a rayuwarka.

Wannan magana ta sau ɗaya ba ƙari ba ce. Nara Dreamland na Japan, da aka buɗe a 1961 aka rufe a 2006, an rushe shi tsakanin 2016 da 2017. Six Flags na New Orleans, da guguwar Katrina ta nutsar a 2005, ya yi kusan shekara 20 a tsaye kafin a fara rushe shi a 2024. An sauke lilon Spreepark a 2021 don gyara, ana mai da filin wurin shaƙatawa. Yankin Chernobyl a rufe yake ga masu yawon buɗe ido tun da yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022. Abin yana taɓa zuciyata, domin wurare ne da aka gina don dariyar yara, hoto ne kawai zai rage daga gare su. Duk da haka kada ɗoki ya sa ka tsallaka shinge. Kowane kufai da mai shi, katako ya ruɓe, ƙarfe ya ci tsatsa, kuma baƙo mai biza in aka kama shi ya shiga gonar wani, abin da zai rasa ya fi hoto. Nemi izini a rubuce, sa takalmi mai kauri, kada ka tafi kai kaɗai. Ka kuma daidaita tafiyarka da lokacin ganye, a Turai da Japan daga Mayu zuwa Satumba, don da hunturu itatuwan tsirara suke, kyamarar ba ta da abin da za ta haska. A cikin ɗakunan duhu irin gidan dodanni, tocilan ta LED ba za ta taimake ka ba, kusan ba ta fitar da infirared. Filashin kyamara yana fitarwa sosai, ka tafi da shi.

In ta hannu za ka saya, ka ce mai ita ya fito da kai waje da rana. Saita ma'aunin farin kyamarar (white balance) a kan ɗanyar ciyawa, ka zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗauki sama zalla a f/16. Ƙurar da aka rufe a ƙarƙashin gilashi lokacin tiyata za ta fito ɗigo-ɗigo, kuma irin wannan goge ba ya fitar da ita. Farin tabon gilashi ma a nan zai tona kansa. Sai ka ɗauki wata bishiya mai nisa ka faɗaɗa hoton, ka ga ko gefen hagu da na dama sun fito daidai, don sensar da aka mayar a karkace gefe ɗaya take dushewa. A ƙarshe ka rufe bakin gilashin da murfinsa, ka bar ƙofar haske a buɗe daƙiƙa 30. Wasu kyamarori suna da ɗan fitilar infirared a cikinsu, in tana yoyo za ka ga haske a gefen hoton da ya kamata ya fito baƙi ƙirin.