Ƙwallo ko fanke, doja ko filasha: amsa ga mai neman salmon a tafkin Sebago

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya wani ƙanenmu da ke zaune kusa da Portland a jihar Maine ta Amurka ya yi tambaya. Ya ce ya sayi jirgin alminiyam na hannu mai tsawon ƙafa 16, da danriga biyu irin waɗanda ake juyawa da hannu, mai jirgin ya haɗa masa da dalma biyu masu nauyin fam 4 kowanne. Sau uku ke nan yana fita Sebago cikin watan Yuli, ko taɓawa kifi bai yi ba. Yana so ya san wace dalma ta fi, mai siffar ƙwallo ko mai faɗi, fam nawa, kuma me zai sa don jawo hankalin kifin: doja, filasha, ko jerin cokulan nan masu juyawa.

Ƙanena, ka yi tambaya biyu, amma a wurina ɗaya ce. Dalma da abin walƙiya ba a zaɓensu dabam dabam, gudun jirginka ne yake ɗaure su wuri guda. Bari in bi su a hankali.

Saboda waɗanda ke karantawa daga gida: danriga ba ɗan riga ba ne na sawa. Wani ƙaramin kurangu ne, wato dai abin naɗe waya, da ake kafawa a gefen jirgi, yana da hannu da ya leƙa kan ruwa da wayar ƙarfe, a ƙarshen wayar an rataya dalma mai nauyi. Zaren fatsarka kana maƙala shi ne a wani ɗan matsi kusa da dalmar, ka saukar da su tare zuwa zurfin da kake so, jirgi yana tafiya a hankali. Da kifi ya cafka sai zaren ya suɓuce daga matsin, ya rage daga kai sai shi, dalma na can rataye abinta. Shi kuwa kifin, salmon ne irin na Tekun Atlantika, sai dai bai taɓa ganin teku ba, a rafukan da ke haɗe da tafki ake haifarsa, a tafki yake tsufa. A Maine wurare huɗu ne asalinsa: Sebago, Green Lake, Sebec da West Grand. Jihar ta ayyana shi kifinta na alfahari a 1969, kuma mafi girman da aka rubuta a nan an kama shi ne a Sebago ɗin da kake fita, a 1907, fam 22 da rabi. Kada wannan ya ɗebe maka hankali. Yau wanda za ka saba gani inci 16 zuwa 18 ne, in ka samu mai fam 4 ranar sai a kira maƙwabta.

Kifin nan ba ya son zafi. Da ruwa ya haura digiri 18 na Salsiyos sai ya bar wurin, ya fi sakewa a wajen digiri 12 zuwa 13, kuma duk inda ƙananan kifayen simelt suka nufa nan yake, don su ne tuwonsa. Da ƙanƙara ta narke a watan Afrilu ko farkon Mayu yana sama sama, ba ka ma bukatar danriga, sai ka ja kwaikwayon kifi na gashin tsuntsu irin Gray Ghost, wanda Carrie Stevens ta ƙirƙira a Upper Dam, nan Maine, kuma har gobe yana aiki. Amma a Yuli da Agusta saman tafki ya yi ɗumi, kifin ya nutse wajen ƙafa 30 zuwa 60. A nan ne dalmarka mai fam 4 take cin amanarka.

Ga yadda abin yake. Jirgi na tafiya, ruwa na tura waya da dalma baya, sai wayar ta karkace maimakon ta miƙe ƙasa. Ma'aunin da ke jikin danriga tsawon wayar da ka saki yake ƙirgawa, bai san zurfi ba. In ka saki ƙafa 50 wayar ta karkace digiri 30, dalmarka tana wajen ƙafa 43 ne. In ta karkace digiri 45, tana ƙafa 35. Kai kana zaune kana kallon lamba 50 hankali kwance, kifi yana can ƙasa, kotonka yana yawo cikin ruwan ɗumi shi kaɗai. Kuma turin ruwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: ka ninka gudu sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Salmon kuwa mai son gudu ne, galibi mil 2 zuwa 2 da rabi a awa ake ja masa. Fam 4 a wannan gudun tamkar tuta ce cikin iskar hunturu. Ka ajiye su don watan Mayu, lokacin da ƙafa 10 ko 15 ta wadatar.

To, ƙwallo ko fanke?

Ƙwallo shi ne dalma zagayayya mai ɗan fiffike a baya. Ba shi da wayo, ba shi da rikici. Ka sauke shi ya bi jirgi kamar raƙumi da akala, ka karya kwana ya karya tare da kai, ka tsaya ya tsaya a ƙarƙashinka. Laifinsa ɗaya, ƙirjinsa faɗi ne, yana tare ruwa, saboda haka ya fi karkatar da waya. Ga shi kuma da birgima cikin jirgi in ba ka yi masa mazauni ba. Wanda fam 8 ta taɓa faɗo wa a yatsan ƙafa ba ya bukatar ƙarin bayani.

Fanke kuwa dalma ce da aka matse ta yi faɗi kamar fanken da ake soyawa, tana tafiya a tsaye da gefenta, tana yanka ruwa, da babban fiffiken ƙarfe a baya. A nauyi ɗaya ta fi ƙwallo miƙar da waya, wannan ba gardama. Tana da wata fa'idar kuma: in ka ɗan lanƙwasa fiffiken, sai ta riƙa janyewa gefe, ta dama ta yi dama, ta hagu ta yi hagu, wayoyinka biyu su nisanci juna. A kan takarda ta gama da ƙwallo.

A kan ruwa fa, sai mai haƙuri. Abin da ya sa take yanka ruwa shi ne ya sa take jin kowane motsi. Wata safiya ina ja da fanke biyu, iska ta taso daga yamma, na ga wani jirgi ya nufo ni, na karya kwana da gaggawa. Ta ciki ta rasa gudu ta yi lilo ta shiga ƙarƙashin jirgi, ta rungumi 'yar'uwarta. Da na naɗo su sai ga wayoyi biyu sun yi kitso, zarurrukan fatsa biyu a tsakiya, cokali ɗaya, wato kwaikwayon kifi na ƙarfe mai ƙugiya, ya tafi. Laifina ne, na ɗauke su daga wuri ɗaya ban duba wacce aka lanƙwasa wa dama ba, na rataya su a juye. Kusan awa guda ina warwara da filaya, rana ta fito, lokacin cin kifi ya wuce. Tun ranar na shafa wa ta dama jan fenti.

Jirginka ƙafa 16 ne, faɗinsa kaɗan, danriga biyun kusan kafaɗa da kafaɗa suke, kai kuma sabo ne a tuƙi da ja. Ƙwallo mai fam 8 nake ba ka shawara. Masunta a nan suna da wani ƙiyasi na baka, fam ɗaya ga kowace ƙafa 10, amma ni nakan ƙara biyu a kai saboda gudun salmon. Fam 8, wato kilo uku da rabi da ɗoriya, zai riƙe ka har ƙafa 50 ko 60. Fam 10 ya fi miƙar da waya, sai dai da hannu kake naɗowa, in ka yi sau ashirin a yini kafaɗarka za ta ba ka labari, kuma ka fara duba nauyin da kamfanin danrigarka ya yarda da shi da ƙarfin gefen jirgin da aka ɗaure ta. Fam 12 zuwa sama na masu injin lantarki ne a manyan tafkuna irin Ontario. Akwai kuma masu siffar kifi ko harsashi, suna tsakanin biyun a yanka ruwa da natsuwa, sun fi tsada, ba laifi in ka samu da araha.

Yanzu abin walƙiya, inda mutane suka fi ɓarnar kuɗi.

Doja farantin ƙarfe ne siriri, an ɗan tanƙwara bakinsa biyu. Aikinsa rangaji, dama da hagu, ba ya juyawa. Yana walƙiya kamar kifi na kai hari cikin garken simelt, sa'an nan yana fizgar abin da ke bayansa. Wannan fizgar ita ce sirrinsa. Kwaikwayon gashin tsuntsu ba shi da rai na kansa, doja ne ke ba shi, shi ya sa ake ɗaure shi kusa, kamar ninki biyu na tsawon dojan. In cokali ne irin Mooselook Wobbler ko DB Smelt, mai rawarsa da kansa, sai ka ba shi tazarar ƙafa biyu zuwa uku, in ba haka ba rawar biyu ta ci karo. Ƙanana ake so a nan, lamba 000 ko 00. Matsalar doja ita ce ba ya son sauri. Da ka haura wajen mil 2 sai ya bar rangaji ya kama juyi, ya murɗe maka zare, ya zama abin korar kifi. Kafin ka saukar, riƙe shi a gefen jirgi ka kalle shi da idonka. In yana kaɗa kai kamar mai cewa a'a, gudun ya yi. In ya fara wulwulawa, rage mai.

Filasha akasinsa ce. Yawanci ta roba ce mai ƙyalli, an yi ta ne don ta juya gaba ɗaya, zagaye mai faɗi, kuma sai da gudu take tashi. Mil 2 da rabi ba ya damunta. Ke nan ta fi dacewa da gudun salmon, amma an ƙera ta ne da manyan salmon na tekun Fasifik a rai, masu fam 15 da 20. Mai inci 11 a Sebago kamar a ɗaura wa akuya sirdin doki ne. Ko mai inci 8 tana da ja sosai, in kifi mai fam ɗaya da rabi ya kama, filashar kake yaƙi da ita, ba shi ba. Kuma duk daɗin kifin nan a tsallensa yake, yana fita daga ruwa sau uku sau huɗu yana girgiza kai. Farantin da ke lilo a gabansa yana hana shi tsalle, in kuma ya yi, nauyin farantin ne zai taimake shi ya cire ƙugiya.

Jerin cokula irin na Dave Davis, wato waya mai faranti huɗu ko biyar suna juyawa, da tsohuwar zuma ake magani, suna kiran kifi daga nesa. A kan zaren fatsa dai sun fi duka nauyi, kamar kana jan bokiti.

Shi ya sa ni na daina sa ko ɗaya a kan zare sai da dalili. Jerin cokulan nakan maƙala su a jikin dalmar kanta, su bi ta a baya, matsin zare kuma in ɗaure shi a waya ƙafa biyu ko uku sama da dalma, cokali tsirara yana bin baya da ƙafa 6 zuwa 10, ya ɗan wuce ƙarshen jerin. Kifi ya hango walƙiya ya taho, ya tarar da ɗaya ya ware daga garke yana ɗingishi a sama. Salmon sama yake kallo, daga ƙasa yake kai hari. Da ya kama, zare ya fita, walƙiyar ta zauna tare da dalma, tsakaninka da shi babu komai sai siririn zare. Masu kamun tafkin Winnipesaukee a New Hampshire sun daɗe suna irin wannan. Amma ka lura, jerin nan yana ƙara turin ruwa a kan dalma, dalili na biyu ke nan da fam 4 ba za ta yi ba, kuma shi ne ya sa ƙwallo ya fi fanke a wannan haɗin, don fanke da wutsiya mai nauyi yawo take yi.

Tunda danriga biyu gare ka, raba ƙafa. Ɗaya ƙwallo da jerin cokula a jikinsa da cokali tsirara. Ɗaya ƙwallo da ƙaramin doja da Gray Ghost, ƙafa 10 zuwa 15 bayan dalma. Ka tsaya a mil 2, inda dukansu za su iya zama lafiya, ka bambanta zurfinsu da ƙafa 10. Wanda ya kama sau biyu, mayar da ɗayan irinsa. In doja ne ya ci, rage gudu kaɗan. In cokali ne, ƙara.

Kada ka matse matsin zaren da ƙarfi. Ƙaramin salmon ba zai iya fizge shi ba, sai ka yi rabin awa kana jansa ba ka sani ba, ya galabaita ya mutu alhali doka ta ce a sake shi. Duk minti goma sha biyar ka ɗaga ka duba. Birkin danriga kuma ka sassauta shi yadda zai saki waya in dalma ta kama dutse. Sebago ya kai zurfin ƙafa 316, amma yana da tuddai a ƙarƙashi da ke tasowa ba sallama. In ka ga kana ta kamo togue, kifin nan mai ɗigo ɗigo da aka zuba a tafkin a 1972 wanda ke cinye wa salmon simelt, alama ce ka yi ƙasa da yawa ko kana tafiya a hankali, ɗago ƙafa 10.

Dokar gama-gari a Maine inci 14 ce da kifi biyu a rana, amma tafkuna da yawa, har da Sebago, suna da tasu dokar ta musamman, ka karanta littafin bana kafin ka sa kifi a sanyi. Haramcin ƙananan dalma da aka yi saboda tsuntsun loon, mai haɗiye su ya mutu, na masu oza ɗaya zuwa ƙasa ne, bai shafi ƙwallon danriga ba. Duk da haka ka sayi mai rufin roba, ba ya ɓata hannu, ba ya ƙwarzane jirgi. Ka kasance a kan ruwa da an sallame asuba, don da rana ta ɗaga kifin sai ya ƙara nutsewa.