Sharhi Kan Mai Zanen Gine-ginen da Ya Gyara Mana Gidan Gado a Birnin Kebbi

Gidanmu na gado yana cikin tsohon garin Birnin Kebbi. Rabinsa ginin ƙasa ne mai rufin azara, rabinsa kuma bulo ne da aka riƙa ƙarawa a hankali ba tare da wani tsari ba. Da muka zauna shawarar gyara shi a ƙarshen 2023, yawancin 'yan'uwana sun fi son a kira birkila a nuna masa inda zai rushe da inda zai ɗaga, kamar yadda aka saba, amma na dage sai an ɗauki mai zanen gine-gine. Yanzu da bazara da damina suka same mu a cikin gidan, ina da abin faɗa game da aikinsa, mai daɗi da marar daɗi.

Kafin mu ba shi aikin na nemi shaidar rajistarsa da ARCON, hukumar da doka ta kafa tun 1969 domin tantance masu wannan sana'a a Najeriya, ya kuwa nuna mini ba tare da ɓacin rai ba. Shi ne kuma ya bi mana takardun izinin gini a hukumar raya birane ta jiha.

Abin da ya fara sa na amince da shi shi ne bai zo mana da zane a hannu ba. Bayan ya auna gidan, ya nemi izini ya shiga tsakar gida, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarmu, sannan ya ce: "Inna, idan an yi haihuwa ko aure, a ina ake kafa manyan tukwane? Ranar layya kuma a ina ake yanka?" Ta nuna masa gindin dalbejiyar da mahaifinmu ya dasa, ta ce nan ne wurin, kuma ba ta yarda a taɓa ta ba. A zanen da ya kawo, dalbejiyar na nan, an bar fili a gefenta da murhun itace da famfo, an kuma gina madafar zamani a jikinsa. Zauren ma bai rushe shi ba, sai ya gyara tushensa ya karkatar da ƙofarsa ta ciki, ta yadda baƙon da ke zaune ba zai hango sashen mata ba. Hatta makewayi ya tsara su yadda mai amfani da su ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, alhali babu wanda ya tuna masa da hakan a cikinmu.

Inda na fi ganin amfanin kuɗinmu shi ne batun zafi. Duk wanda ya zauna a Kebbi ya san yadda ake ji daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano ya riƙe zafin rana har tsakar dare. Shi sai ya jera sito da makewayi a bangon yamma domin su tare ranar la'asar, ya fuskantar da manyan tagogin ɗakunan kwana kudu da arewa suna kallon juna, ya ɗaga silin fiye da yadda maginanmu suka saba, ya bar ƙananan kafofi a sama inda iska mai zafi za ta fice, sannan ya tsawaita bakin rufi ya yi wa bango inuwa. Ba zan ce ɗakunan suna da sanyi a watan Afrilu ba, amma idan aka ɗauke wuta mutum yana iya yin barci a ciki, abin da ba ya yiwuwa a tsofaffin ɗakunan bulon.

Haka ya yi da ruwa. Titin ƙofar gidanmu ya fi tsakar gidan tudu saboda cikon da aka riƙa yi masa, shi ya sa ya ɗaga daɓen gidan gaba ɗaya, ya sa aka shimfiɗa leda kafin a zuba kankare domin kada damshi ya hau bango, ya fitar da magudana zuwa kwatar waje. A daminar da ta wuce ko sau ɗaya ruwa bai kwanta mana ba.

A wurin aiki ba ya sassauci. Wata rana an kawo mota guda ta bulo mai inci 9, ya ɗauki ɗaya ya murza gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo kamar garin kwaki, ya ce a mayar da shi duka. Birkilan ya ce, "Injiniya, ai da wannan kowa ke gini a garin nan," ya amsa masa da cewa ba a wannan gidan ba. Ya kuma tilasta a riƙa ba kankare ruwa safe da yamma har mako guda, kuma da aka zo lissafin rodin ginshiƙai da na linta, ya ce wannan aikin injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi a Najeriya, ya kawo wanda ya yi.

Sai dai akwai abubuwan da suka ɓata mini rai. Ya yi alkawarin leƙo aikin kowane mako, amma da gini ya yi nisa sai wasu ayyukansa na Sakkwato da Argungu suka ɗauke masa hankali, a kira shi a waya ya ce gobe, goben kuma ta wuce. A irin wannan rashin zuwan ne aka binne bututun makewayin Inna a inda bai dace ba, har sai da aka fasa daɓen da aka riga aka zuba, mu muka biya siminti da ladan leburori, shi kuwa ya tsaya a ban haƙuri. Ƙiyasin kuɗin da ya ba mu ma bai bar rarar ko sisi ba. Gaskiya ne ba shi ya sa buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ba, amma wanda ya daɗe a sana'a ya kamata ya gaya wa mai gida ya ware wani abu saboda tashin farashi. Ƙari a kan haka, tayil da ƙofofin da ya nuna mana a hoton kwamfuta ba a same su a kasuwar Birnin Kebbi ba, sai da aka yi odarsu daga Kano, aiki ya tsaya ana jira.

Har yanzu da sauran ɗakunan baya da ba mu taɓa ba, kuma idan Allah ya hore, shi zan sake kira, domin ban ga wanda ya fahimci zaman gidanmu kamarsa ba. Amma a wannan karon za a raba kuɗin zane da kuɗin sa ido a rubuce, a ƙayyade ranakun da zai zo, a kuma rubuta cewa ba za a zuba kankare ko a binne bututu ba sai yana tsaye a wurin.